Babi Na Biyar: Kambun Masu Ƙaga Duniya

Wanda ya bi titin Damagaram zuwa Diffa, da zarar ya wuce Gure ya doshi Gudumariya da Maine Sorowa, zai fara ganin wani aiki da ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa ba. A jikin tuddan rairayi an kakkafa shingaye na busassun rassa da kaba, wannan ya miƙe, wancan ya gitta shi, har tudun ya kasu gida-gida. Ba gona ba ce, ba kuma garke ba ne. Tudun ake ɗaurewa don kada ya yi tafiya. Iskar hunturu kan kwashi rairayi ta tura shi cikin kwaruruwan da jama'a ke samun dabino da kanwa da ɗan lambu, kuma kwarin da rairayi ya cike ya tafi ke nan. Shingen yana karya ƙarfin iska. In damina ta sauka sai a dasa itatuwa a cikin gidajen, a sa mai gadi ya hana awaki shiga har saiwa ta kama. Fulatari tana arewa da Maine, cikin wannan ƙasa ta rairayi da rijiyoyi masu zurfi, ƙaramar hukuma ce da akasarin mutanenta Fulani ne makiyaya.

A 1957 wani ɗan jarida Ba'amurke, Frank Herbert, ya je garin Florence a jihar Oregon don ya rubuta labarin irin wannan aiki. Can ma rairayin bakin teku ne ke cin hanya da gidaje, ma'aikatar gona ta Amurka kuma tana dasa wata ciyawa don ta tsayar da shi. Labarin jaridar bai fito ba. Abin da ya fito bayan shekara takwas shi ne Dune, ƙagaggen labarin wata duniya da babu komai cikinta sai hamada, inda mutane ke sa tufar da ke tara gumin jikinsu ta mayar musu da shi ruwan sha, inda kuma in mutum ya mutu ruwan jikinsa ya zama na danginsa. Kamfanonin ɗab'i sama da ashirin suka ƙi littafin. Wanda ya karɓe shi a ƙarshe, Chilton, an fi saninsa da buga littattafan gyaran mota. A 1966 Dune ya ci kyautar Nebula, karo na farko ke nan da aka ba da ita, ya kuma raba kyautar Hugo da wani littafi na Roger Zelazny. Ciniki bai buɗe nan take ba, amma sunan littafin ya shiga wani jeri da ba a gogewa, kuma duk wanda ya zo baya yana neman abin karantawa daga wannan jerin yake farawa.

Nebula da Hugo su ne manya a kyaututtukan da ake bayarwa kowace shekara ga adabin da ke ƙaga abin da babu shi. Adabin kashi biyu ne, ko da yake iyakar da ke tsakaninsu ba ta da shinge. Akwai wanda ke ɗaukar kimiyya ya tura ta gaba, ya nuna yadda za a rayu in mutum ya sauka a wata tauraruwa ko in na'ura ta fara tunani. Akwai kuma wanda ke buɗe ƙofa ga tsafi da dodanni da zoben da ke ɓatar da mai shi. Nebula ta marubuta ce, ƙungiyarsu da Damon Knight ya kafa a 1965 ita ke zaɓe. Hugo ta girme ta, kuma ita ta fi jan hankalina, domin ba gwamnati ta kafa ta ba, ba jami'a ba, ba wani attajiri ba. Masu karatu ne da suka saba haɗuwa shekara-shekara suka ba da ita a taronsu na 1953 a Philadelphia. Suka tsallake 1954, daga 1955 kuwa ba a sake fashi ba. Sunan na Hugo Gernsback ne, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Wanda ya ci ba ya samun ko kwabo. Abin da ake miƙa masa wata 'yar roka ce ta ƙarfe mai sheƙi, garin da ya karɓi taron shi ke ƙera mata gindi yadda ya ga dama.

Yadda ake zaɓen ya cancanci a tsaya a kansa. Duk wanda ya yanki katin zama ɗan taron yana da ƙuri'a, ko bai taka ƙafarsa wurin ba. A 'yan shekarun nan katin ya kai wajen dala 50, wato kusan jika talatin na sefa. Da farko kowa zai rubuto abin da ya fi burge shi cikin abin da aka buga bara, daga nan a fitar da guda shida da suka fi samun ambato a kowane rukuni. A zagaye na biyu ba ɗaya kake zaɓa ba, jera su za ka yi: wannan na fari, wancan na biyu, har ƙasa. In ba wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na kashin baya, a duba takardun waɗanda suka sa shi a gaba, a miƙa ƙuri'unsu ga wanda suka rubuta na biyu. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi. A cikin jerin kuma akwai wani ɗan takara da ba littafi ba ne, shi ne «kada a ba kowa». In shi ya yi rinjaye, rokar ta koma akwati.

An taɓa ganin amfaninsa. A 2015 wasu gungun marubuta da magoya bayansu, masu ƙorafin cewa kyautar ta koma hannun mata da baƙaƙe da masu wa'azin siyasa, suka haɗa baki suka cike jerin 'yan takara da mutanensu. Masu karatu suka yi dafifi, ƙuri'a 5,950 aka kaɗa, ba a taɓa kaɗa kamarta ba kafin nan, kuma a rukuni biyar aka ce kada a ba kowa. A 2023 kuma, da aka kai taron birnin Chengdu na ƙasar Sin, sai daga baya ta bayyana cewa masu kula da ƙirga sun zare wasu ayyuka daga takara ba tare da bayani ba, har da littafin Babel na R. F. Kuang wanda ya riga ya ci Nebula. Na kawo waɗannan ne don kada a ɗauka wurin waliyyai ne. Ana maguɗi, ana ɓangaranci, ana jin tsoron hukuma. Sai dai ana buga alƙaluman ƙuri'a kowa ya gani, kuma ta nan asirin Chengdu ya fara tonuwa.

An daɗe Afirka ba ta cikin wannan jeri sai dai a matsayin dajin da jarumi Bature ke ɓacewa a ciki. Wadda ta fi kowa tura ƙofar ita ce Nnedi Okorafor, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka a 1974. A 2011 littafinta Who Fears Death ya ci babbar kyautar labaran al'ajabi ta duniya. Kambun a lokacin siffar kan H. P. Lovecraft ne, marubucin da ya tsani baƙar fata har ya rubuta waƙa a kan haka. Ta fito ta faɗi yadda take ji da ajiye kan wannan mutum a ɗakinta, wasu suka ɗora, bayan 2015 aka daina ba da shi, aka koma siffar bishiya da wata. A 2016 gajeren littafinta Binti ya haɗa Hugo da Nebula.

Abin da ya sa na dage a kanta shi ne ƙasar da take yawan kai labaranta. The Shadow Speaker, na 2007, a Nijar yake faruwa, cikin shekarar 2070. Jarumar yarinya ce Musulma mai suna Ejii, tana ratsa hamada bisa raƙumi mai magana, tana bin sawun wata shugaba da ake kira Sarauniya Jaa. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na kyautar matasa da ake bayarwa tare da Nebula. A Noor kuma, na 2021, ɗaya daga cikin jarumai biyu Bafulatani ne makiyayi da ake farauta a arewacin Nijeriya bisa zargin ta'addanci, ya tsere da ragowar shanunsa ya nufi cikin wata guguwar rairayi da ba ta lafawa. Duk wanda ya san abin da makiyayan jihar Diffa suka gani tun daga Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa, aka rufe kasuwanni, aka hana hawa babur, hanyoyin kiwo zuwa tafkin Chadi suka toshe, ya san wannan labari bai yi nisa da gida ba. Ni ban ga laifin Okorafor ba, ta ga abin rubutawa ta rubuta, ta kuma rubuta shi da mutunci. Amma dai ga yadda lamarin yake: rayuwar Fulatari ta isa ta zama labarin da ake karantawa a Chicago, mutumin Fulatari kuwa ba zai iya karanta shi ba, kuma labarin da shi yake bayarwa da dare a bakin garke ba shi da inda za a auna shi.

Marubutan Afirka sun ga wannan giɓi ta nasu ɓangaren. A 2016 suka kafa ƙungiyarsu, a Nuwamban 2017 kuma, a bikin littattafai na Ake da ke Abeokuta, suka ba da kyautar Nommo karo na farko. Sunan daga Dogon na ƙasar Mali aka ɗauko shi, wasu halittu ne na ruwa a cikin labarinsu na farkon duniya. 'Yan ƙungiya ke zaɓe, kamar yadda ake yi a Nebula, kuma akwai ɗan kuɗi: dala dubu ga babban littafi, daga aljihun wani ɗan kasuwa, Tom Ilube. Rosewater na Tade Thompson ne ya fara ci, labarin wani gari a Nijeriya ta 2066 da ya tsiro a gewayen wata halitta da ta faɗo daga sama. Bayan shekara biyu littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke a Ingila. Sai Tochi Onyebuchi a 2018, Akwaeke Emezi a 2019, Suyi Davies Okungbowa a 2020. A 2022 Oghenechovwe Donald Ekpeki, wanda yake zaune a Nijeriya ba a waje ba, ya ci Nebula da labarin wata Nijeriya da iskar shaƙa ta zama abin saye. Dukansu 'yan asalin kudancin Nijeriya ne, dukansu da Ingilishi suka rubuta.

Abin mamakin shi ne mu da gasa muka fara, kuma da labarin al'ajabi muka fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggen labari da Hausa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a wurin malami alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Littafi biyar suka fito daga wannan gasa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda yake ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, tafiya ce ta neman wani ruwan magani da sai an bi ta hannun aljanu ake kai gare shi. Ganɗoki na wansa Bello Kagara ya fara da yaƙi da Turawa, sai jarumin ya zarce ƙasashen aljanu da dodanni yana fafatawa. Ko Jiki Magayi, da ake ɗauka labarin soyayya da ramuwa ne, ƙashin bayansa neman asiri ne a cikin daji. Da a ce akwai Hugo a Zariya a wancan lokaci, da biyu cikin biyar sun shiga takara kai tsaye, shekara ashirin kafin a ƙera roka ta farko a Philadelphia.

Jijiyar ba ta yanke ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Wannan ƙagaggen labarin kimiyya ne sak, ba sai an yi masa kwaskwarima ba. A gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito, labarin wata Bafulatana, Boɗaɗo, wadda aljana ta shiga tsakaninta da mijinta. Bayan haka sai gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da ta haifi Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, nan kuma hankali ya koma kan fasa-ƙwauri da ta'addancin birni. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, masu nazari suka zuba ido kan littattafan soyayya, alhali a gefe Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ire-irensu suna cika kasuwa da labaran matsafa da sadaukai da biranen aljanu, samari na karɓar haya suna karantawa har bangon littafin ya yage.

A duba tazarar: 1933, sai ƙarshen shekarun 1970, sai farkon na 1980. Kowace gasa hukuma ce ko kamfani ya ga yana bukatar littattafai, ya yi shela, ya samu, ya rufe. Ba wanda ya san ko za a sake badi. Marubucin da ya ga an yaba wa Umaru Dembo ba shi da dalilin zama ya ce bari in fi shi kafin shekara ta zagayo, shi ya sa Tauraruwa Mai Wutsiya ya zauna kusan shi kaɗai, ana ambatonsa a jarrabawa. Wadda ta nuna abin da ɗorewa ke yi ita ce Hikayata ta BBC Hausa, gasar gajerun labarai ta mata da aka fara a 2016. Saboda ana yin ta duk shekara, yau akwai matan da ke shirya labari tun kafin a buɗe, akwai masu gardama kan hukuncin alƙalai, akwai waɗanda suka koyi tsara labari don kawai su shiga. Sai dai labaran da ke kai gaci galibi na halin rayuwa ne: aure, talauci, gudun hijira, fyaɗe. Ba laifi ba ne, abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya ke nan. Amma yarinyar da ta rubuta labarin Kano ta shekarar 2100 ba ta san inda za ta kai shi ba.

A Nijar lamarin ya bi wata hanya, domin masu ƙaga irin wannan labari da Faransanci suka yi, ko da kyamara. Abdoulaye Mamani ɗan jihar Diffa ne, a Gudumariya aka haife shi a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku. A 1980 ya fitar da Sarraounia, labarin sarauniyar Aznan Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abin da takardun Faransawa suka ajiye game da ita kaɗan ne, shi ya cike sauran da abin da ya ji a bakin mutane da abin da ya ƙaga, har da asirinta. Med Hondo ya mayar da littafin fim, fim ɗin ya ci babban kambun bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993 tsakanin Damagaram da Yamai, yana kan hanyar zuwa karɓar kyautar Boubou Hama. Ga kuma Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, mai zana kwaɗi ya motsa su a majigi su yi shugaban ƙasa da 'yan rakiya tun 1966, wanda kuma ya ɗauki labarin Boubou Hama na budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa lokacin fari ya yi fim ɗin Toula. Ba wanda ya kira ɗayansu marubucin al'ajabi, don babu rukunin da za a sa su.

Kayan aikin kuwa a zube suke a kwarin kogin Kumadugu. Barebari na ba da labarin Sau, ƙattin da suka riga su zama a ƙasar, waɗanda ake cewa ɗayansu kan saɓo giwa a kafaɗa ya dawo daga farauta, kuma har yau ana tono manyan tulunan da ake danganta musu a kewayen tafkin Chadi. A tsallaken kogin, kusa da Gaidam, ga kufan Birnin Gazargamu, hedikwatar Barno tun ƙarni na 15 har aka ci ta a 1808. Wannan na masu son labarin da. Mai son na gobe kuma ya dubi kogin kansa. Ruwan da manomin tattasai ke jira a Diffa daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duk a jihar Kano, yawan abin da ke isowa ya danganta da hukuncin mutanen da ba su taɓa ganin Diffa ba. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, ya bar garin Ngigmi da ke bakinsa a tsandauri. Wanda ya zauna ya tambayi kansa yadda za a yi ranar da wani kamfani zai mallaki makullin madatsar, ko ranar da ruwan zai dawo ya tarar an gina garuruwa a inda ya bari, ya riga ya samu littafi.

Kuma masu sauraro suna nan, sai dai ba a kantin littattafai ba. A ranar kasuwa a irin waɗannan garuruwa za ka ga rumfa da faifan sola a jingine, wayoyi jere a kan tabarma kowace da 'yar takarda mai lamba, suna shan caji. Kusa da mai cajin akwai mai tura kaya a memori. Yaro zai miƙo katinsa da bai kai farce ba, ya ce a sa masa wa'azi, a sa waƙa, a sa fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, a sa littafi. Littafin nan murya ce: wani a Kano ko Kaduna ya karanta labarin sadaukai kashi-kashi ya ɗora a YouTube, wani ya sauke, ya bi hannu-hannu har ya iso inda ko layin waya ba ya kamawa sosai. Makiyayin da bai yi boko ba yana iya sauraron littafi mai kashi arba'in yana bin shanu, ya kuma gaya maka inda marubucin ya yi ƙarya mai daɗi da inda ya yi ta banza. Wannan alƙali ne, ƙuri'a ce kawai ba a ba shi ba.

Ba sai an je Philadelphia koyon yadda ake riƙe gasa ba. Tun 1975, da aka fara a Tawa, Nijar ke yin kokawar takobi, tana zagaya jihohi, Diffa ma ta karɓe ta a ƙarshen 2022. An yi juyin mulki, an yi fari, an ɗaga ta wasu shekaru, amma ba ta mutu ba. Yaro a ƙauye yana iya jero maka waɗanda suka ɗauki takobi da garin da aka yi da wanda aka kayar a karon ƙarshe. Abin da Hugo ta yi wa masu karatunta ke nan, ba wani abu ba: wuri mai zagayawa, lokaci sananne, jerin sunaye da ake gardama a kansa.

In za a yi wa labarin al'ajabi irin wannan da Hausa, akwai wuraren da kwafe ba zai yi ba. Na farko aljani. A wurin mai zaɓen Hugo, aljani da dodo duk ƙage ne, rukuninsu ɗaya. A wurin mai karatunmu aljani halitta ce da Alƙur'ani ya ambata, akwai sura sukutum da sunansa, kuma maƙwabciyarsa ma an taɓa yi mata ruƙiyya. Saboda haka labarin da aljana ta auri mutum, a wurin wasu, bai fi labarin kishiya zama ƙage ba. Marubucin da ya kai labarinsa shekara ɗari gaba kuma zai haɗu da mai ce masa gaibu na Allah ne. Amsar ba wuya gare ta, ba duba yake yi ba, misali yake bugawa, kuma malamai sun fi kowa sanin amfanin misali. Amma dole masu shirya gasa su san za a yi tambayar, kada su tsaya raba rukuni yadda Turawa suka raba. Ni da za a bi tawa, rukuni ɗaya ya isa da farko: duk labarin da ya fita daga duniyar da muka saba.

Na biyu murya. Hugo kanta ta buɗe rukuni ga shirye-shiryen sauti na masu sha'awa tun 2012. Gasar da ta ce sai an turo rubutu a kwamfuta ta riga ta sallami Fulatari kafin a fara. Saƙon murya ta WhatsApp ya isa ya zama shiga takara, gidajen rediyon al'umma su watsa waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, masu sauraro su kira su zaɓa. Za a yi maguɗi, wani zai sa 'yan garinsu duka su kira. An yi a Amurka ma, maganinsa a faɗi alƙaluma a fili.

Na uku shi ya fi nauyi. A Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Bahaushe zai ji daɗi, amma a Fulatari da Fulatanci ake ba yara labari, a bakin Kumadugu da Barbarci, a arewa da Tubanci da Larabci. Hausa harshen kasuwa ce a nan. Gasar da ta karɓi Hausa kaɗai za ta yi wa waɗannan harsuna abin da muke kuka Ingilishi ya yi mana. Hugo ta shekara sama da sittin kafin littafin da aka fassara daga wani harshe ya ci babban rukuninta. A 2015 ne, shekarar rigimar nan, littafin Liu Cixin na ƙasar Sin ya yi nasara, wani ɗan sama-jannati ya sanar da sakamakon daga tashar da ke kewaya duniya, aka kuma rubuta sunan mai fassara, Ken Liu, tare da na marubucin. Bai kamata mu jira shekara sittin ba, tun ranar farko za a ce labari na iya zuwa da kowane harshe na yankin, muddin ya zo da fassararsa ta Hausa, kuma in ya ci a raba kyautar biyu. Masu fassara ba za su yi wuya ba: a kasuwar dabbobi ta Diffa dillalin da ke jin harshe uku ko huɗu ba abin nuni ba ne, da haka yake cin abinci. Aikin da ya rage shi ne na wanda zai zauna da shi da na'urar ɗaukar murya, ya biya shi ladan yininsa, ya kuma rubuta sunan tsohuwar da ta ba da labarin a sama da nasa.